Kaji Ɗari Uku na Yayata

Yayata shekara ashirin da takwas ta yi tana wankin zannuwan gado a asibiti. Ni tela ne, ni ne autan ɗakinmu, kuma ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shi ya sa har yau da furfura a gemuna Auta take kirana, ni kuma in ce Yaya. Keken ɗinkin da na fara takawa ma da albashinta ta saya min. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ji abin da na yi mata daga baya ya ce ai dama butulu ne. Na san alherinta, wallahi na sani.

Gajeruwa ce, kakkaura, tafin hannunta ya yi kanta saboda sabulu da ruwan zafi. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna. Taurin kai a gidanmu gado ne, sai dai ita kaso biyu ta ɗauka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tana aure a nesa, gidan daga ita sai rediyonta.

Da ta yi ritaya aka ba ta kuɗin sallama, mun ɗauka za ta zauna ta miƙe ƙafa. Ina! Sati uku ta yi tana zagaye tsakar gida tana neman abin wankewa, sai ga ta da kwali cike da 'yan tsaki hamsin, irin kajin gidan gonan nan masu saurin girma, waɗanda a sati shida sun isa yanka. Macen da ta saba da tsaftar asibiti kuwa ai kaza ta samu uwa. Mazubin ruwansu sau biyu take wankewa a rana, ba ka shiga wurinsu sai ka tsoma takalminka a ruwan magani, ni kaina sai da ta kore ni sau biyu. Cikin hamsin ɗin nan ɗaya ce ta mutu. Ta sayar, ta samu riba, ta sake zubawa, ta kuma samu.

Abu ɗaya da ban taɓa iya raba ta da shi ba shi ne sakin hannu. Duk matar da ta leƙo ta ce, “Mama, yaya kike yi ne?” sai ta shimfiɗa mata tabarma ta karanta mata komai, daga inda ake sayen 'yan tsaki har ranar da ake ba su maganin rigakafi. Na ce mata, “Yaya, sana'a fa ba wa'azi ba ce.” Ta ce arzikin wani ba ya tsare na wani. Kafin shekara ta zagayo, gida bakwai a layinsu ana kiwon kaji, in ka bi ta wurin da rana warin kashinsu ne zai fara gaishe ka.

A zubi na biyar ne ta yi abin da ya hana ni sukuni. Akwai wani babban gidan abinci a bakin titi, kukun wurin yana sayen kajinta goma-goma. Wata rana ya ce mata ai in tana da ɗari uku ma za su kwashe. A tsaye ya faɗa, yana goge hannu da tawul, babu takarda babu kafin alƙalami. Yaya ta dawo gida ta fito da kuɗin sallamar nan gaba ɗaya. Ta sa aka yi mata rumfar kwano a bayan gida, aka kewaye da raga, ta zuba 'yan tsaki ɗari uku, ta jibge buhunan abinci na sati shida cif. Wato guminta na shekara ashirin da takwas ya koma cikin rumfa yana tsiyu-tsiyu.

Kajin kuwa suka yi kyau, tubarkalla, goma kawai ta rasa. Ranar da suka cika sati shida ta ci ado ta tafi wurin kuku, ni na raka ta. Ta ƙofar baya muka shiga, wurin da ake fige kaji. Tun kafin ya buɗe baki na ga amsar a ƙasa, don ga kaji nan a keji sun fi ɗari, ga kuma wani bokiti shuɗi mai ɗaurin waya a hannu wanda na san shi sarai. Na maƙwabciyarta ne, matar direba, wadda Yaya ta koya wa kiwon da bakinta.

Kuku ya sosa ƙeya ya ce, “Mama, ki yi haƙuri. Wannan satin kaji sun yi yawa, kowa kawowa yake. An ba mu a ƙasa da naki sosai, ni kuma mai gida ke ba ni kuɗin cefane.”

Yaya ta ce, “Amma kai ka ce ɗari uku.”

Ya ce, “Na ce, Mama. Lokacin babu kaji a gari.”

Ta juya muka fito. A hanya ni nake ta zage-zage, ita tana tafe tana kallon gabanta. Ashe duk matan layin a sati ɗaya suka zuba tare da ita, tunda ita suke kallo, don haka a sati ɗaya kajin kowa suka isa.

Washegari dillalin kaji ya zo. Ba-Riba ake ce masa, saboda bai taɓa fara ciniki ba sai ya rantse shi ba riba yake nema ba. Ya shiga rumfar, ya ɗaga kaza biyu uku, ya latsa ƙirjinsu, ya yi tayi. Na tsaya na auna a raina. In ta sallama a haka, cikin kowace naira goma da ta kashe tara za ta dawo. Faɗuwa ce, amma irin wadda mutum zai tashi ya kaɗe rigarsa.

Yaya ta ce, “Albarka.”

Ya ce, “Mama, wallahi ba riba nake nema ba. Kuɗin kasuwa ne na gaya miki.”

Ta ce, “Kasuwa ce ta kwana tana kunna musu fitila? Ni na san abin da kowace kaza ta ci a gidan nan. Ƙasa da shi ba na sayarwa.”

Ya yi dariya ya sa hularsa ya ce in ta shirya ta neme shi.

Na jima ina tunanin dalilin da ya sa ta kafe, ita da ba wawuya ba. Abin da na gano shi ne, duk rayuwarta albashi ta sani. Ka yi aikin wata, a biya ka kuɗin wata, wahalarka ita ce kuɗinka. Ni kuwa da na tsufa a bakin titi na san ba haka abin yake ba. Na sha kwashe kwana uku ina yi wa riga aiki, mai ita ya zo ya taɓe baki ya ce wuyan bai yi masa ba. Mai saye ba ruwansa da bayanka da ya ƙage, abin da ke gabansa yake kallo da kuma abin da maƙwabcinka zai ba shi.

Abincin da ta tanada ya ƙare a ranar. Kaji ɗari biyu da casa'in da suka kai wannan girman buhu biyu da rabi suke tashi da shi kullum, kuɗin buhu ɗaya kuwa daidai yake da kuɗin kaza uku a tayin Ba-Riba. Na zauna a kan turmi na yi mata bayani da yatsu.

Na ce, “Yaya, duk wayewar gari kaza bakwai ko takwas suke cinyewa daga cikinsu. Ba yadi ba ne da zan ninke in ajiye a kanta har kasuwarsa ta zo. Waɗannan baki gare su.”

Ta ce, “Suna ci suna ƙara nauyi. Nauyin ai kuɗi ne.”

Na ce, “Abin da kika riga kika kashe ya tafi, ko kin sayar ko ba ki sayar ba. Ki dubi na gobe.”

Ta harare ni ta ce, “Ya tafi ina? Ga shi can yana numfashi. Kai dai ka tsaya a kan almakashinka.”

Haka muka shiga kwanakin nan. Ta fara da ɗan abin da ya rage mata na fansho, kwana uku ya ƙare. Ta sayar da firjinta. Ta sayar da 'yan kunnen gwal ɗin da 'yarta ta aiko mata. Kullum da safe in zan tafi shago sai in biya ta gidanta, in tarar da mai baro yana sauke buhu. Ta kafa allo a ƙofar gida an rubuta ana sayar da kaji, amma mutum ya zo ya ji kuɗin sai ya wuce gida na gaba, a rana da kyar a ɗauki biyu. Matan layin kuwa ɗaya bayan ɗaya suka sallama wa Ba-Riba. Duk motar da ta zo kwasa sai Yaya ta ƙara ƙarar rediyo.

Su kansu kajin sun fara gaya mata gaskiya, ita ce ta ƙi ji. Sun yi ƙiba har wasu ƙafafunsu sun kasa ɗaukarsu, sai ka ga kaza ta taka sau biyu ta zube, tana jan ƙirji zuwa wurin ruwa. Rumfar da aka yi don kajin sati shida ta yi musu kaɗan, ko wurin sa ƙafa babu. Ga zafi ya fara sauka, kwanon nan da rana in ka taɓa sai ka janye hannu.

Rana ta goma da hantsi ina kan keke sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Yaya ce. A shagon akwai mata biyu da suka zo awo, ga kuma mai gyaran agogo na kusa da ni ya shigo shan iskar fanka. Ta gaisa da kowa, ta tsaya. Yaya ba ta zuwa shagona sai da yadi a hannu, ranar kuwa hannunta wayam.

Ta ce, “Auta, ba ni kuɗin buhu biyar. Kwana biyu kawai nake so. An ce kaji sun fara ƙarewa a kasuwa.”

Ina da kuɗin. Suna cikin aljihun teburin yanka, na tara ne zan sayi injin yin surfani. A duniya babu wanda ya fi ta haƙƙi a kansu. Da mutum mai hankali ne ni, da na ja ta waje mun yi magana a inuwar bishiya. Amma kwana goma ina cin abin a raina, sai ya fito a yadda ya ga dama.

Na ce, “Ba zan bayar ba, Yaya.”

Ta ce, “Me ka ce?”

Na ce, “Na ce ba zan bayar ba. Firji ya tafi, 'yan kunne sun tafi, yanzu kuma ni za ki haɗa ki ba kaji? Ki kira Ba-Riba yau ɗin nan. In don ki sake zuba wasu ne, ko keken nan zan ɗaga in sayar. Amma ƙwandala ta ba za ta shiga cikin waɗancan ba.”

Matan nan biyu suka sunkuyar da kai suna wasa da bakin mayafi, mai agogo ya sulale ya fita. Yaya ta dubi keken, ta dube ni, ta gyara mayafinta.

Ta ce, “To. Allah ya ba da kasuwa.”

Ta juya ta tafi. Na tashi in bi ta, na koma na zauna. Ranar sai da na farke hannun riga ɗaya sau uku.

Da ɗan canjin da ya rage mata ta sayi dusa ta cuɗa da ragowar abincin ta ba su. Washegari aka tashi da wani irin zafi, iska ko kaɗan ba ta motsi, wajen sha ɗaya kuma aka ɗauke wuta, fankokin rumfar biyu suka tsaya. Bayan azahar sai ga matar direba a guje, ko takalmi babu. Ta ce, “Tela, ka zo, kajin Mama suna zubewa!”

Ban ko rufe shago ba. Na tarar da Yaya a tsakiyar rumfa, zani ya jiƙe sharkaf, tana watsa ruwa da kwano. Kajin sun buɗe baki, sun saki fukafukai, suna haki gaba ɗaya, sautin har tsakar gida. Manyan su ne suka fara tafiya. Sai ka ga kaza ta yi fiffika sau biyu ta kife a bayanta, shi ke nan. Na hau kan rufin da bokiti ina kwara ruwa a kwanon, tafin ƙafata yana ƙuna, matar direba tana miƙo min, wasu matan suka jiƙa buhuna suka rataya a raga. Duk wadda muka ga ta fara layi sai a miƙo min wuƙa, don kada ta tafi a banza. Wasu mun riske su, da yawa ba mu riske su ba.

Da la'asar ta yi sanyi muka jera waɗanda suka mutu a gindin katanga, talatin da ɗaya. Har yau ban sani ba ko zafin ne kaɗai, ko kuwa da yunwar da suka kwana da ita saboda abin da na hana. Na tambayi masu kiwo da dama, wani ya ce zafi ne, wani ya ce duka biyun. Abin yana damuna.

Yaya ta tsaya a kansu ta daɗe. Ba ta dube ni ba, matar direba ta ce wa, “Ara min wayarki in kira mutumin nan.”

Da sassafe Ba-Riba ya iso da mota da kejinansa. Ya shiga ya ɗaga kaza ɗaya, ya girgiza kai, ya faɗi kuɗin da bai kai na farko ba.

Yaya ta ce, “Kai, ka ji tsoron Allah. Ɗaga ka ji. Kowace ta kusa ninka ta ran nan.”

Ya ce, “Ita ce matsalar, Mama. Masu gidan abinci gida huɗu suke raba kaza, kowane yanki kuɗin faranti ɗaya ne, ko ƙarama ce ko babba. Wa zai biya ni kuɗin ƙiba? Ga kitse, ga shi ba sa jure mota, kafin in kai kasuwa wasu sun mutu a hannuna. Wallahi ba riba nake nema ba.”

Na so in shaƙe shi, amma na san a wannan karon gaskiya ya faɗa. Duk buhunan nan na kwana goma sha ɗaya, da firji da 'yan kunne, sun tafi ne wajen tara naman da babu mai biyan kuɗinsa. Na ga lokacin da maganar ta shige ta, don sai da ta dafa ginshiƙin rumfar.

Ta ce, “Kwashe.”

Ita da kanta ta tsaya a bakin ƙofa ana fitar da su. In an kama wata da ƙafa ɗaya sai ta ce, “A hankali, ba dutse ba ne.” Da motar ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta shiga rumfar. Na ce ta kawo in taya ta, ta yi kamar ba ta ji ba. In aka cire abin da suka ci a kwanakin jira, ko rabin kuɗin sallamar bai tsira ba.

Wata guda ba ta taka shagona ba. In na je gaishe ta sai ta amsa a taƙaice ta kawo min ruwa a kofin baƙi, ni da nake shiga har ɗakin girki in buɗe tukunya. Rumfar tana nan a share, a wanke, babu ko tsako. Na lura ta rame, rediyon ma ta daina kunnawa, sai tsoro ya kama ni kada zaman ya kwantar da ita.

Ranar wata Asabar na buɗe aljihun teburin yanka, na kwashe kuɗin injin surfanin duka, na je na ajiye a gefen tabarmarta. Ta dube su ba ta taɓa ba.

Ta ce, “Waɗannan ne ka hana ni?”

Na ce, “Su ne, Yaya.”

Ta ce, “Da ka ba ni ran nan, da yanzu suna bayan gida cikin taki.” Ta jawo su ta ɗaure a bakin zani. “Tamanin zan zuba. Kuma sai na je na ji daga bakin masu saye uku, ranar da suke so da girman da suke so, kafin in sayi ko ɗaya.”

Na ji wani sanyi ya ratsa ni, har na fara washe baki. Sai ta ɗaga min hannu.

Ta ce, “Gaskiya ka fi ni, Auta, ban musa ba. Amma ni na wanke maka kashi, ka tashi ka tsinka ni a gaban baƙi. Wannan ban san ranar da zai fita daga raina ba.”

Na ba ta haƙuri har da hawayena, ta ce ta ji.

Yau shekara uku ke nan. Kiwonta ya miƙe, ba ta wuce ɗari, ba ta kuma bari su kwana ɗaya bayan sati shida, ko nawa kasuwa ta faɗa. Ta sayi wani firjin. In ta yanka kaza takan aiko min da cinya, in ba ni da lafiya ita ce ta farko a bakin gadona. Amma ɗinkinta wurin telan da ke tsallaken titi take kaiwa, wani wanda ko wuyan riga bai iya fitarwa ba. Ta ƙofar shagona take wucewa da yadinta a hammata, ta ce, “Auta, ina kwana,” in ce, “Lafiya lau, Yaya,” in bi ta da kallo har ta tsallaka.